Jaka Mai Ratsin Majanyi

Ɗana na fari ban taɓa kiran sunansa ba, har yau da na tsufa haƙora suka zube. Haka muka tarar ana yi a wurinmu, Kalgo da Gwandu duk ɗaya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta sa masa loma a baki, in ya faɗi ya fasa goshi sai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. Kunya ce, wadda kuwa ta ƙi yi, a bakin rijiya za a yi ta yi da ita har ta yi jika. Ni "wancan" nake ce masa, in ya ɓata mini rai in ce "mai kunnuwan nan". Shi kuma mahaifiyata yake kira Inna, ni ba ya kirana da komai.

Ubansa mutumin Gwandu ne, can aka kai ni aure, shekarun da Nasara ba su daɗe da zama Birnin Kebbi ba. Mun zauna lafiya lau. Wata damina zazzaɓi ya kama shi a gonarsu ta wajen Maruda, aka kawo shi gida bisa jaki, bai ga kakar wannan shekara ba. Da na fita takaba na koma gidan ubana a Kalgo da yaron, lokacin bai daɗe da fara tafiya ba. Yayan mijina, wanda yaron ke kira Baffa, ya ce in tafi da shi, amma in ya isa kaciya zai zo ya ɗauke shi, don ɗa na gidan ubansa ne. Da aka raba gado, cikin abin da ya faɗo wa yaron har da baƙar rigar ubansa ta zuwa Juma'a, rinin baba mai sheƙi, aka ce in ajiye masa sai ya girma. Na naɗe ta na sa a tukunya, na kifa faifai, na tura ƙarƙashin gado.

Shekarar da yaron ya fara famfara, wani mai jaki da ke zuwa cin kasuwa ya kawo saƙo daga Gwandu. Baffa na gaisuwa, ya ce da zarar gero ya shiga rumbu zai zo, a shirya yaro, a haɗa masa da rigar ubansa. Na jawo tukunya na buɗe. Gara kuwa a Kalgo ba ta neman izinin kowa. Ta biyo ta wata 'yar tsaga a gindin tukunyar, ta cinye bayan rigar ya koma kamar rariya, aikin aljihu duk ya tafi, da na ɗaga ta sai ƙasa ke zuba.

Inna ta riƙe baki. Abin da ya dame ta shi ne mutanen Gwandu, don dama, da yake mu masunta ne, suna yi mana kallon masu ƙarnin kifi, yanzu ga shi za su ce mu Kabawa mun kasa riƙon rigar maraya. Ta ce a kai wa maɗinki ya yi faci, na ce faci a kan me, iska? Ta ce to a ce ɓarawo ya ɗauke, na ce ni ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Ta ce dama taurin kaina ne zai kashe ta. Ni abin da ke cina daban ne. Yaron nan zai tafi, tafiyar da ba dawowa, kuma ba ni da ikon ko ɗora masa hannu a ka. Inna za ta rungume shi ta yi kuka, ubana zai sa masa albarka, maƙwabta za su ba shi ƙuli-ƙuli, ni da na haife shi in zauna a ɗaki kamar baƙuwa. Ban yarda ya bar gidan nan ba tare da wani abu na hannuna a jikinsa ba.

Ina zaune da rigar a cinya na ja wani zare daga gefen hannu, sai ya biyo ni, dogo, baƙinsa bai mutu ba. Nan na tuna da wata tsohuwa maƙwabciyarmu a Gwandu, wadda ta yi shekaru a hanyar Makka a ƙasa, ta dawo da wata allurar ƙarfe mai lanƙwasasshen baki. Da ita take saƙa huluna, ta zura bakin a idon saƙa ta jawo zare ya zama wani ido, haka haka har hula ta tashi. Yanzu kwarashi 'yan mata ke cewa, mu ƙugiya muka sani. Ina amarya ba ni da aikin yi, na zauna gefenta har hannuna ya kama. Na ce a raina, wanda ya saƙa hula ai zai saƙa jaka. Kuma in na ba yaron ko ƙwayar gyaɗa za a ce ba ni da kunya, amma in na mayar masa da gadon ubansa, ina son in ga mai bakin magana.

Inna ta shigo ta tarar na fara warwara.

"Gadon maraya kika warwarewa?"

"Gara ta riga ni, Inna. Abin da ta rage nika tsincewa."

Ta fita tana faɗa har ƙofar gida, ni kuwa na yi kunnen uwar shegu da ita.

Ƙugiyar ce ta fara ba ni wahala. Ran kasuwa na bi mata zuwa Diggi wurin maƙerin da ke yi wa ubana ƙugiyoyin kifi. Na kwatanta masa, doguwa kamar tsinke, miƙaƙƙiya, baki ɗan ƙarami a lanƙwashe. Ya ce ya gane sarai. Da na dawo daga cikin kasuwa ya miƙo mini ita, kyakkyawa, amma ya yi mata kunne irin na ƙugiyar kifi, wanda in ya shiga ba ya fita. Na ce ya cire. Ya ce shi tun kakanninsa ba a taɓa ƙera ƙugiya marar kunne ba, in ba kunne me zai riƙe abin da ta kama? Na ce ni wadda za ta kama ta saki nake so. Sai ya ajiye guduma ya kira mai zuga da masu jiran fartanyunsu, wai su zo su ji 'yar masunta da ke neman ƙugiyar sakin kifi. Suka yi dariya har da riƙe ciki. Na tsuguna a bakin maƙera na ce ba inda za ni, in ya ga dama mu kai magariba. Da ya ga da gaske nake, ya ɗauki magagari ya goge kunnen yana gunaguni, ya ce kada in gaya wa kowa shi ya ƙera ta.

Warwarar riga aiki ne na mai haƙuri, ni kuwa Allah bai ba ni da yawa ba. Rigar ƙyalle-ƙyalle ce siri-siri da aka harhaɗa, sai ka farke ɗinki tukuna ka bi kowanne. Inda gara ta bi zaren guntu-guntu yake fitowa, in ƙulla wannan da wancan, yatsuna suka yi shuɗi har cikin farce. Duk abin da ya fito, mai kauri da siriri, na dunƙule wuri ɗaya. Na fara daga gindi kamar yadda ake fara hula, na yi ta zagayawa, jaka ta tashi har ta kai tsawon tafin hannu, ina ta jin daɗin kaina. Sai na ce bari in gwada ta. Na zuba tsakuwa na ɗaga, gindin ya buɗe ɓarr, tsakuwar ta zubo mini a ƙafa. Kai, ranar na yi jifa da ƙugiya har tsakar gida, saura kaɗan in tsone wa kazar Inna ido.

Ubana na gindin bishiya yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Mutum ne marar yawan magana, tun da na fara bai tambaye ni ta mece ce ko ta wane ne ba. Ya ɗauki ƙugiyar ya share mata ƙasa, ya ce in kawo zaren. Ya ja ɗaya ya tsinke a hannunsa ba wuya, ya ja wani ya ƙi. Ya ce na haɗa abawa, mai kaurin nan, da zaren tsaye, abawa taushi gare ta don daɗin jiki aka yi ta, ba ta ɗaukar kaya. In ware ta in zubar. Zaren tsayen kuma in jiƙa shi ya miƙe, in haɗa biyu in murza a cinya kamar yadda masunta ke yi wa zaren koma, sa'an nan in tsoma shi a ruwan bagaruwa ya kwana, shi ke hana zare ruɓewa. Da ya gama ya miƙa hannu bayansa ya jawo wani ƙunshin tsohon zaren koma, ja-ja saboda bagaruwar da ya sha, ya ce in yi gindi da maratayi da shi. Ya koma kan aikinsa.

Na warware duk abin da na saƙa na koma farko. Cinyata ta dama ta saɓule don murza, na koma ta hagu. Gindi ja, sai baƙi, sai ja siriri, sai baƙi, wannan karon ko dutsen niƙa ka sa ba abin da zai same ta. Amma da na zubar da abawa rabin zaren ya tafi, kuma tun jakar ba ta kai rabi ba na ga dunƙulen baƙin yana ƙanƙancewa. A gonaki an fara yankan gero. Na auna da ido, na sake aunawa, ba zai kai ba. Ina iya zuwa in kaɗa sabon zare, auduga ba ta yi wuya ba, amma sabon zare na kowa ne, ba shi nake so ba.

Akwai farin majanyin da na goye shi da shi. Goyo kaɗai kunya ta bar mini, don shi ba yadda za a yi, kuma a bayana inda ba mai ganin fuskata na san irin son da nake yi masa. Tun da aka yaye shi majanyin ke cikin kayana. Na ɗauko na raba shi biyu, na mayar da rabi, na zauna a ƙofar ɗaki na warware rabin. Ubana ya ce in tsoma shi a bagaruwa shi ma, na ce a'a, zai rine, fari nake sonsa. Ya ce to shi zai fara cinyewa. Na ce ya cinye.

Inna ce ta kaɗa zaren majanyin nan da hannunta lokacin da nake da ciki, ba yadda za a yi ta kasa gane shi. Ta zo wucewa da ƙwarya, ta tsaya ta dubi farin ratsin da ya fara fitowa tsakanin baƙi da baƙi, ta dube ni. Na ƙi ɗaga kai. Ta wuce da ƙwaryarta. Amma daga ranar faɗa ya ƙare, kuma in na tashi zan kama taɓarya sai ta karɓe ta ce bayanta na son motsi, in je in zauna tun rana ba ta yi ba.

Shi kuwa wancan, ya samu abin kallo. Sai ya tsuguna can nesa jikin turmi, ya zuba wa hannuna ido, bakin nan a buɗe ba haƙoran gaba. In dunƙulen zare ya gangara wajensa ba ya miƙo mini, sai ya turo shi da ƙafa ya kau da kai. Wata rana na ji yana tambayar Inna jakar wa ake saƙawa. Ta ce ya tambayi mai saƙar. Bai tambaya ba, ya dai matso kusa fiye da yadda ya saba, har ina jin numfashinsa. Ga matan maƙwabta biyu tsaye suna surfe. Na ce da ƙarfi, ba tare da na dube shi ba, wasu mutane ba su da aiki sai kallo, ga awaki can sun shiga wake. Ya tashi da gudu. Wallahi ji na yi kamar in bi shi in kamo shi, zuciyata kamar ta fashe, amma na sunkuya na ci gaba da jan zare.

Baffa ya riga lokacin da muke tsammani. Ya iso da la'asar da jakuna biyu, ya ce da hantsi za su juya, ni kuwa maratayi ko rabi bai kai ba. Washegari tun da gari ya yi hasken da zan ga idon saƙa na zauna a kai. Zaren koma tauri gare shi, ya tsaga mini ɗan yatsa, na ɗaure da tsumma na ci gaba. Ina jin ana ɗaura wa jakuna kaya, ina jin Inna na yi wa yaron wanka tana ta surutu don kada ta yi kuka. Na ƙulle bakin zare na ƙarshe na cije shi da haƙori daidai lokacin da ubana ya yi sallama ya shigo da baƙon tsakar gida.

Ni da yayan mijina ba ma haɗa ido, saboda haka ina cikin ɗaki bayan asabari. Aka gaisa, aka yi addu'a ga mamaci, sai ya tambayi rigar. Inna ta shiga gyaran ɗankwali. Na turo jakar ta ƙarƙashin asabari har ta fita fili.

"A gaya wa Malam gara ta ci rigar. Ga abin da ya rage."

Ina hango shi ta tsakanin karan asabari. Ya ɗauka ya juya ta, fuskar nan a ɗaure, na ce yau za a yi ta. Ya sa babban yatsa ya goga baƙin ratsin, ya dubi shuɗin da ya fito masa a yatsa, ya daɗe yana dubansa. Ya ce ita ce, tare suka kai ta marina shi da ƙanensa. Ya tambayi jan, ubana ya ce zaren komarsa ne. Sai ya ɗora yatsa a kan farin.

"Wanga fa?"

"Ciko ne, Malam," in ji Inna. "Zare ya kasa aka cika."

Ya ɗago ya dubi wajen asabarin sau ɗaya, bai ƙara tambaya ba. Ya kira yaron ya rataya masa ita, ya ce rigar ubanka ce, ka riƙe da kyau. Jakar har gwiwarsa. Inna ta cusa masa bandar kifi da ƙuli-ƙuli a ciki, ta rungume shi ta fashe da kuka, maƙwabta suka taya ta. Ni na jawo faifan shinkafa na shiga tsintar tsakuwa. Na ga an ɗora shi bisa jaki, na ga ya damƙe maratayin da hannu biyu, na ga sun fita. Ban leƙa ƙofar gida ba. Sai da kowa ya watse na zagaya bayan rumbu na yi kukana har ya ishe ni, na wanke fuska na dawo na ɗora tukunya.

Bayan nan na yi wani aure a nan Kalgo, na haifi wasu, na kira sunayensu har maƙwabta suka gaji da ji. Labarinsa yakan zo mini ta bakin masu jakuna, an yi kaciya lafiya, ya sauke karatu, yana noma gonar ubansa ta Maruda, ya fara kai tufafi kasuwar Jega. Ba na tambaya, Inna ke tambaya ina gefe ina kasa kunne. Abin da ban sani ba shi ne ko ya san abin da ke jikin jakar, ko kuwa a wurinsa rigar ubansa ce kawai kamar yadda aka gaya masa. Wannan ya daɗe yana cina.

Da ubana ya rasu ya zo gaisuwa, dogo, gemu ya fara tsiro, kunnuwan dai suna nan yadda na san su. Jakar na kafaɗarsa, yanzu iyakarta ƙugu. Baƙin ya koɗe ya koma ruwan toka, jan na nan daram, farin kuwa ya cinye, huji-huji kamar yadda ubana ya faɗa. Ya durƙusa ya gai da Inna, ya juyo wajen ƙofar ɗakin da nake ya yi gaisuwa ba suna, na amsa ina duban bango. Da aka kira la'asar ya tashi zai tafi masallaci, sai ya sauke jakar ya ɗora bisa turmi, ya yi wa Inna magana da murya yadda na ciki zai ji. Ya ce farin ratsin ya huje, wani baduku a Gwandu ya so ya yi masa faci da fata ya hana, matarsa ta ce za ta cike da zarenta shi ma ya hana.

"Ko ragowar majanyin na nan, Inna?"

"Wa ya ce maka majanyi ne?"

"Ina jikin turmin ga aka raba shi biyu."

Ya sa takalmansa ya fita. Inna ta rufe fuska da gefen zane. Ni na miƙe na aika gidana aka ɗauko mini 'yar tukunyar da ke ƙarƙashin gado, wadda kowace damina sai na buɗe na duba ko gara ta shiga. Rabin majanyin na ciki fari tas, ƙugiyar maƙerin Diggi na naɗe a tsakiyarsa. Na fito tsakar gida a gaban 'yan zaman makoki na ɗauki jakar daga kan turmi, na ce wasu mutane ba su iya riƙon kaya ba sam. Na zauna a ƙofar ɗaki na fara jan zare, don in gama kafin ya tashi komawa Gwandu.